Tarihin naget da kajin ƙanƙara: tambayoyi da amsoshi

Masu sayar da kajin ƙanƙara, da uwayen gida da yara suka dama da roƙon a sayo musu kazar kwali, da masu girkin biki, tambayoyinsu a kan wannan abinci kusan iri ɗaya ne. Daga ina ya fito, wa ya fara shi, me ke cikinsa, ya halatta ko bai halatta ba. An tattara su a nan, an faro daga masu sauƙi. Mafi yawan labarin a Amurka ya faru, amma jelarsa ta iso har kasuwanninmu.

Wane abinci ne ake magana a kai?

Naman kaza ne da aka zare wa ƙashi, aka yanka ko aka niƙa, aka cura shi daidai loma ɗaya ko biyu, aka tsoma a ƙullun fulawa, aka barbaɗe da garin burodi, aka soya sama-sama, sannan aka daskarar aka zuba a leda ko kwali. Turawa na ce masa naget. Asalin kalmar a bakinsu curin zinare ne da mai haƙa yake tsinta a ƙasa, kuma launin da yake yi bayan suya ne ya jawo masa sunan. Yana da 'yan'uwa: dogaye masu kama da yatsa da ake kira tenda, da mitsi-mitsi kamar gugguru, da fukafukai masu yaji. Kowannensu da nasa labarin, an kawo su a can ƙasa.

Wa ya fara daskarar da nama don ya daɗe?

Mutanen ƙasashen sanyi sun san wannan tun fil azal, domin hunturu da kansa yake yi musu aikin. Akwai wani tsohon labari da Ingilishi ke bayarwa cewa masaninsu Francis Bacon ya tsayar da keken dokinsa a Highgate kusa da Landan a 1626, ya sayi kaza, ya cusa mata dusar ƙanƙara a ciki don ya ga ko za ta hana ta ruɓewa, sanyin ya kama shi, bayan 'yan kwanaki ya rasu. Masana tarihi na jayayya a kan sahihancin labarin, amma ya nuna cewa tambayar tsohuwa ce.

Daskarewa da inji ta zo ne a ƙarni na 19, kuma da naman tumaki da shanu ta fara. A 1882 jirgin ruwa mai suna Dunedin ya taso daga New Zealand da gawar tumaki kusan 5,000 a daskare, ya yi kwana 98 a teku, ya isa Landan naman yana da kyau. Sai dai naman wancan zamani a hankali yake daskarewa, idan ya narke sai ya yi laɓo-laɓo ya zubar da ruwa, don haka mutane suka ɗauke shi abincin wanda ba shi da zaɓi.

Wanda ya sauya wannan shi ne Clarence Birdseye, Ba'amurke da ya tafi Labrador a arewacin Kanada fataucin fatu daga 1912. A can ya ga 'yan ƙabilar Inuwit suna kamun kifi ta ramin ƙanƙara, kifin na fitowa iska na sandarar da shi nan take, kuma bayan watanni in an dafa sai ka ce yau aka kama. Ya koma gida ya ƙera injin da ke matse abinci tsakanin faranta biyu na ƙarfe masu tsananin sanyi. A 1929 ya sayar da kamfaninsa da fasaharsa dala miliyan 22, aka kafa General Foods a kai. Ranar 6 ga Maris 1930 aka fara sayar da kayan Birds Eye a kantuna 18 na garin Springfield a jihar Massachusetts.

Mene ne bambancin daskarewa da sauri da daskarewa a hankali?

Mafi yawan nauyin nama ruwa ne. In sanyi ya shige shi a hankali, ruwan yakan zama manyan tsinin ƙanƙara da ke farfasa tsokar daga ciki, shi ya sa in ya narke ruwan yake tsiyayewa da ɗanɗanon gaba ɗaya. In sanyin ya zo a guje, ƙanƙarar takan yi ƙanana ƙwarai, tsokar ta zauna yadda take. Daga shekarun 1960 aka samu injunan da ke hura iska mai sanyi a kan kowane yanki shi kaɗai, don kada su manne da juna. Wannan ne ya sa kuke iya buɗe leda ku ɗebi guda shida ku mayar da saura. Yana kuma da amfani wajen gane kayan da suka taɓa narkewa, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi ɗauke wuta.

Tunda an iya daskarewa tun 1930, me ya sa naget bai fito ba sai bayan shekara talatin?

Saboda kaza tana da tsada. A Amurkar farkon ƙarni na 20 don ƙwai ake kiwon kaji, matan gona ne ke kula da su a bayan gida, ba a yankawa sai zakaran da ya yi yawa ko kazar da ta daina ƙwai. Abincin ranar Lahadi ce da ranar baƙo, kamar dai yadda a gidajenmu ake kama kaza don maijego ko surukin da ya zo daga nesa. Har a zaɓen 1928 magoya bayan Herbert Hoover sun yi tallar cewa a mulkin jam'iyyarsu kowace tukunya za ta samu kaza, kuma mutane sun fahimci wannan a matsayin alƙawarin wadata. Abin da yake da wannan daraja ba wanda zai niƙa shi ya cura.

Kiwon kaji don nama kawai ya faro ne da kuskure. A 1923 wata mata mai suna Cecile Steele a garin Ocean View na jihar Delaware ta yi odar 'yan tsaki 50, aka kawo mata 500. Ba ta mayar ba. Ta raine su, 387 suka rayu, ta sayar da su santi 62 kowace laba, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo. Ribar ta sa ta ƙara, zuwa 1926 tana da kaji 10,000, maƙwabta kuma suka bi sahu. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta ƙayyade naman shanu da na alade amma ba ta ƙayyade kaza ba, sojoji ma suna saye da yawa, sai gidajen gona suka bunƙasa.

Yaya aka yi kazar gidan gona ta zama ƙatuwa haka, kuma da wuri?

Da gangan aka yi. Bayan yaƙi babban kamfanin kantuna na A&P ya sa gasa mai suna Kazar Gobe, yana neman irin da zai yi faffaɗan ƙirji da kaurin cinya a kan abinci kaɗan. A zagayen ƙarshe na 1948 Charles Vantress na California ya yi nasara da haɗin irin Cornish da New Hampshire, gonar Arbor Acres ta Henry Saglio kuma ta yi fice da fararen kajinta. Jinin waɗannan biyun yana cikin mafi yawan kajin gidan gona na duniya a yau, har da waɗanda ake kiwo a Kano da Kaduna.

Sai aka ƙara da abincin masara da waken soya, da rigakafi, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka gano a ƙarshen shekarun 1940 cewa yana sa kaji saurin girma, aka amince a riƙa zuba shi a abincinsu a 1951. A 1925 kazar nama a Amurka tana kwana 112 kafin ta kai kilo ɗaya da ɗan kai. Yanzu cikin kwana 47 take dosar kilo uku. Masu bincike a Jami'ar Alberta sun raini irin 1957 da irin 2005 a kan abinci ɗaya: a kwana na 56 na farko ya yi giram 905, na biyu giram 4,202. Wannan saurin yana da illarsa, don kajin kan yi fama da ciwon ƙafa da na zuciya, kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da waɗancan magunguna don ƙara girma tun 2006.

To wa ya ƙirƙiro naget?

Robert C. Baker, farfesa a Jami'ar Cornell da ke jihar New York. An haife shi a 1921, ya tashi a gidan manoma, karatun 'ya'yan itatuwa ma ya fara yi kafin ya koma harkar kaji. Matsalar da ya tarar ita ce kaji sun yi yawa, farashi ya faɗi, manoma na karyewa. Kaza kuma guda ake sayar da ita: a 1962, cikin kowace kaza 100 da aka sayar a Amurka 83 ɗungurungum aka kai su gida. Ta yi wa mutum biyu yawa, ta yi wa babban iyali kaɗan, ga aikin gyara, ga matan da suka fara fita aiki ba su da lokaci. Baker ya ga cewa in ana son manomi ya tsira, sai an samo wa kaza wasu siffofi.

Ya yi ta gwaji har ya fitar da kayan abinci fiye da 40 daga kaza da talotalo da ƙwai. A Afrilun 1963, shi da ɗalibinsa Joseph Marshall suka wallafa yadda ake yin abin da suka kira sandar kaza. Sun kwaikwayi sandar kifi da aka fara sayarwa a daskare a 1953. Ba su tsaya a ɗakin gwaji ba: sun zana kwali, sun kai kantuna biyar, sun yi mako 26 suna sayar da kimanin kwali 200 a kowane mako, sun rubuta lissafin kuɗin da za a kashe in za a kafa masana'anta.

Niƙa nama a soya ai ba sabon abu ba ne. Mene ne abin wahala a ciki?

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Wahala biyu ce. Ta farko, niƙaƙƙen naman kaza ba ya riƙe kansa in ba a cusa shi a hanji ko fata ba, yana shiga mai zai watse. Baker ya niƙa shi ɗanye da gishiri da ruwan khal. Gishirin yana jawo wani sinadari mai danƙo daga cikin tsokar wanda yake kama naman kamar gam in ya ji wuta, sannan ya ƙara madarar gari da garin hatsi don su ƙarfafa riƙon.

Ta biyu ta fi ba da ciwon kai: rigar da ke waje. Nama yana fitar da tururi in ya ji zafi, yana kuma tsukewa, sai ɓawon ya saki ya zube a cikin mai. Duk wadda ta taɓa soya kaza da ƙwai da fulawa ta san wannan takaici. Dabarar Baker ita ce ya fara daskarar da curin tukuna, sannan ya tsoma shi a ƙullu mai ƙwai, ya birkita shi a ɓarzajjen masara irin wanda ake sha da madara da safe, ya sake mayar da shi sanyi har digiri 23 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Da haka rigar ta zauna daram daga masana'anta zuwa kanti zuwa kasko.

Ya yi arziki da wannan ƙirƙira?

Bai yi ba. Bai yi rajistar mallakar fasahar ba, jami'ar ma ba ta yi ba. An buga bayanin dalla-dalla aka aika wa kamfanoni kusan 500 kyauta. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma ni ban ga haka a rayuwar mutumin ba. Cornell na cikin jami'o'in da aka kafa da sharaɗin su yi wa manoma hidima, shi kuma ya ɗauki sharaɗin da gaske. A yankinsu ma ba da naget aka san shi ba, da gasasshiyar kaza ce wadda ake shafa wa haɗin ƙwai da mai da ruwan khal, da iyalinsa suka daɗe suna sayarwa a bajekolin jihar New York. Ya rasu a 2006. Abin da ke damuna shi ne yadda sunansa ya kusa ɓacewa daga labarin, alhali shi ya warware ƙullin da kowa ya zo ya ci moriya.

Ashe ba McDonald's ne ya fara ba?

Ba shi ya fara ba, amma wannan babban kamfanin gidajen abinci na Amurka shi ya kai shi duniya. A 1977 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin George McGovern ya fitar da rahoto yana ba mutane shawarar su rage jan nama mai kitse, su ƙara kaza da kifi, saboda ciwon zuciya. Kamfanin da ya gina sunansa a kan naman shanu dole ya nemi mafita. Faɗuwa ta zo daidai da zama, don kaza ta riga ta yi araha.

Babban kukun kamfanin, René Arend ɗan ƙasar Luxembourg, yana gwajin soyayyun curin albasa ne, sai shugaban kamfanin Fred Turner ya ce masa ya gwada da kaza. Wannan a 1979 ke nan. Kamfanin Keystone Foods ya samar da hanyar zare ƙashi da yankawa da inji, kamfanin Gorton's mai sandar kifi ya taimaka da ƙullun. A 1980 aka gwada Chicken McNuggets a garin Knoxville na jihar Tennessee, cinikin ya wuce duk abin da aka zata, har kaza ta yi ƙaranci. Sai a 1983 aka iya kai shi ko'ina a Amurka, bayan kamfanin kaji na Tyson da ke jihar Arkansas ya shigo, ya ma samar da irin kaza mai ƙaton ƙirji don wannan ciniki. Cikin ɗan lokaci McDonald's ya zama na biyu wajen sayar da kaza a ƙasar, kamfanin soyayyar kaza na KFC kaɗai ke gabansa.

Yadda abin ya game duniya, ɗan tseren Jamaika Usain Bolt ya faɗa da bakinsa cewa a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, inda ya karya tarihin gudun mita 100 da 200, kusan guda 100 yake ci a kullum tsawon kwana goma, don shi ne abincin da cikinsa ya sani a can.

Me ya sa siffarsu kusan ɗaya ce kullum?

Inji ne yake buga su daga mazubi, kamar yadda ake yanka cincin daidai wa daida. Na McDonald's siffa huɗu ne: ƙararrawa, ƙwallo, takalmi da ƙashi. Kaurinsu da nauyinsu ɗaya ne don su nuna a lokaci ɗaya, kada wani ya ƙone wani yana ɗanye.

Tenda da mai kama da gugguru da fukafukai fa, daga ina suka fito?

Tenda ba niƙaƙƙe ba ne. Wata siririyar tsoka ce mai laushi da ke kwance ƙarƙashin ƙirjin kaza, biyu ce a kowace kaza. Gidan abinci na Puritan Backroom a garin Manchester na jihar New Hampshire yana cewa shi ya fara soya ta da wannan suna a 1974, don kada ragowar da ake yankewa daga ƙirji ta tafi a banza, kodayake wasu gidajen abinci a kudancin ƙasar suna ja da shi. Mai kama da gugguru kuwa KFC ne ya fito da shi a 1992, da dabarar yanka ta wani mahauci mai ƙirƙira, Gene Gagliardi.

Fukafukai a da romo ake yi da su ko a zubar. A 1964 Teressa Bellissimo ta gidan Anchor Bar a garin Buffalo ta soya su ta juya a narkakken man shanu da barkono, suka karɓu har suka zo suka yi tsada. Wanda ake sayarwa da sunan fiffike marar ƙashi ba fiffike ba ne, tsokar ƙirji ce aka yanka aka yi mata irin wannan miya.

Amurkawa ne kaɗai suka san soya kaza ƙanana-ƙanana?

Ko kusa. Japanawa suna da karage, cinyar kaza da ake jiƙawa a ruwan waken soya da citta da tafarnuwa kafin a soya, wadda ta yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kantunan Lawson ma suna sayar da irin nasu na 'yar loma tun 1986. A kasuwannin dare na Taiwan ana soya ta da garin dankali da ganyen ɗoɗɗoya tun shekarun 1970. A Indiya akwai Chicken 65 mai jan yaji, wadda ake danganta ta da otal ɗin Buhari na birnin Chennai a 1965. Sunan mai otal ɗin ne, A. M. Buhari, ba shi da alaƙa da namu. Abin da Amurka ta ƙara a kai shi ne masana'anta da firiza: a yi a wuri ɗaya, a ci bayan wata shida a wata nahiyar.

Gaskiya ne ba nama ne zalla a ciki ba?

Ya danganta da wanda ya yi. A 2013 likitoci a Jami'ar Mississippi, ƙarƙashin Richard deShazo, sun duba naget biyu daga manyan gidajen abinci biyu da madubin likita. Na farko kusan rabinsa ne tsoka, na biyu kashi 40 cikin 100, sauran kitse ne da jijiyoyi da fata da guringuntsi da ɓurɓushin ƙashi. Guda biyu ba su isa a yanke wa kowa hukunci ba, amma sun isa su sa mutum ya karanta bayan kwali. Akwai kuma naman da inji ke tatsowa daga ƙashin da aka riga aka yanke, a matsa shi ta rariya ya fito kamar ƙullu. Masu araha sukan yi amfani da shi, dokar Amurka kuma ta tilasta a rubuta a jiki. McDonald's ya koma farin nama zalla a Amurka a 2003.

Mu da muke cin ƙundu da wuya da ƙafa, guringuntsi ba zai tsorata mu ba. Abin lura a wurina shi ne gishiri da mai da fulawa. Shawarar 1977 da aka ambata a amsar McDonald's kazar da ba ta da kitse take nufi, amma wadda aka lulluɓe da ƙullu aka tsoma a mai sau biyu ta bar wannan sahu.

In ƙirji suka fi so, ina cinyoyi da sauran sassan suke tafiya?

Nan ne labarin ya zo ƙofar gidanmu. Kaza ba ta zuwa da ƙirji kaɗai. Da Amurka da Turai suka raja'a a kan farin nama, ƙirjin ya riƙa biyan kusan kuɗin kazar gaba ɗaya, saura kuma ko a nawa aka sayar riba ce. A 1990 George Bush babba da Mikhail Gorbachev suka yi yarjejeniyar da ta buɗe ƙofar kai cinyoyi Tarayyar Sobiyet, har Rashawa suka laƙaba musu suna cinyoyin Bush. Ƙafafu suka nufi Sin. Cinyoyi da fukafukai da gadon baya da tsofaffin kajin ƙwai daga Amurka da Turai da Brazil suka kwararo Afirka ta Yamma a kwantena masu sanyi, a farashin da mai kiwo na gida ba zai iya karawa da shi ba.

Ƙasashe sun bi hanya daban-daban. Majalisar Ghana ta ɗaga harajin kajin waje daga kashi 20 zuwa 40 cikin 100 a 2003, amma aka janye bayan matsin lambar Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kuma har yau mafi yawan kazar da ake ci a Akara da Kumasi, har cikin zango, daga waje take. A Kamaru shigowar ta tashi daga ƙasa da tan 1,000 a 1996 zuwa kusan tan 22,000 a 2003. Ƙungiyar farar hula mai suna ACDIC ta Bernard Njonga ta ɗebi samfuri daga kasuwanni ta kai gwaji, aka samu fiye da kashi 80 cikin 100 ba su dace da ci ba, gangaminta na 2004 ya sa gwamnati ta taƙaita shigowar, kiwon gida ya farfaɗo. Senegal ta rufe ƙofa a 2005. Najeriya ta haramta shigo da daskararrun kaji tun farkon shekarun 2000 a mulkin Obasanjo, amma fasa-ƙwauri ta Kwatano da iyakar Seme bai tsaya ba, shi ya sa ake yawan ganin jami'an kwastam suna binne katan-katan da suka kama.

Ba naget kaɗai ya jawo wannan ba, akwai arahar masara da waken soya a can da tallafin da manomansu ke samu. Kuma ba zan raina uwar da kuɗinta bai kai na kazar Hausa ba ta sayi kilo ɗaya na cinya don 'ya'yanta su ɗanɗana nama. Amma a ganina duk ƙasar da ta bar kasuwarta a buɗe ba tare da ta tallafi masu kiwonta ba, ta zaɓi ta zama wurin zubar da ragowar wasu.

Na waje halal ne?

Ba duka ba, kuma ba a ganewa da ido. Brazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da kaza, har da ta halal, kuma kamfanin Sadia ya fara kai daskararrun kaji Gabas ta Tsakiya tun 1975 da yanka irin na Musulunci. Inda malamai suka yi saɓani shi ne yankan inji, da yadda ake bisimilla a kan dubban kaji a awa ɗaya, da sumar da kaza a ruwa mai lantarki kafin yanka, don wata kan mutu kafin wuƙa ta same ta. A naget akwai ƙarin abin dubawa, wato kayan ɗanɗano da na haɗi da aka zuba, da man da aka fara suya da shi. Ku nemi tambarin hukumar da aka sani, kamar JAKIM ta Malesiya, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi a kan mas'alar inji. Kazar da ta zo ta fasa-ƙwauri an sauya mata katan ba ta da shaidar da za a dogara da ita.

Dafaffe ne ko ɗanye? Kuma in an ɗauke wuta fa?

Launin ruwan zinare yana ruɗi. Da yawa an tsoma su a mai na ɗan lokaci ne don ɓawon ya kama, cikin yana ɗanye. Sanyi kuma ba ya kashe ƙwayar salmonela mai kawo gudawa da zazzaɓi, kwantar da ita kawai yake yi. A 2020 ɗaruruwan mutane, da yawansu yara, sun kamu a Birtaniya ta irin wannan kaza, Kanada kuma ta tsaurara dokarta a kai tun Afrilun 2019. Naget sai tsakiyarsa ya kai digiri 74 ya nuna. A wanke hannu da faranti bayan an taɓa shi, kamar kowane ɗanyen nama.

Ajiya tana son digiri 18 ƙasa da sifili. Firizar da take cike, in ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kusan awa 48 bayan an ɗauke wuta, wadda take rabi kuma awa 24, a zafin bazara irin namu gara a rage lissafin. In kun ga gudajen sun manne sun zama dunƙule ɗaya, ko ƙanƙara ta taru a gindin leda, ko kwalin ya jiƙe ya bushe, to kayan sun taɓa narkewa aka sake daskarar da su. Dalilin yana cikin amsar daskarewa da sauri. Masu shago su kula da wannan tun wajen karɓar kaya daga ɗakin sanyi.

An ce har an yi naget ba tare da an yanka kaza ba?

An yi. A Disambar 2020 Singafo ta zama ƙasa ta farko da ta amince a sayar da naman da aka raina daga ƙwayoyin halittar kaza a cikin tanki, na kamfanin Eat Just, kuma da siffar 'yar loma aka fara kai shi teburi. Dalili a fili yake: abin da aka niƙa aka lulluɓe ya fi cinya ko ƙirji sauƙin kwaikwayo. Amurka ta ba kamfanoni biyu izini a 2023, Italiya kuma ta haramta shi a shekarar. Har yanzu yana da tsada ƙwarai kuma kaɗan ake samarwa.

Zan iya yin irin na Baker a gida in ajiye?

Ƙwarai. Ki samu rabin kilo na tsokar kazar gidan gona, ƙirji ko haɗe da cinya don ya fi daɗi. Kazar Hausa ƙirjinta kaɗan ne kuma tana da tauri, a bar ta wa farfesu. Ki niƙa ko ki daka da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, naman yana da sanyi, ki yi ta cuɗawa har ya fara kama hannu. Wannan danƙon shi ne wanda aka yi bayani a amsar abin wahala. Ki zuba babban cokali ɗaya na madarar gari, da ɗan garin burodi, da citta da tafarnuwa da masoro. Ki cura, ki jera a faranti, ki sa a firiza kamar awa ɗaya su yi tauri, sannan ki bi da su ta fulawa, ƙwai, garin burodi.

In ajiya za ki yi, ki sake jera su a warwatse su daskare kafin ki juye a leda. Ranar suya kada ki bari su narke, daga firiza sai mai, a matsakaiciyar wuta, minti biyar zuwa shida. Ki fasa guda ɗaya ki duba tsakiyarsa kafin ki kwashe saura.